Sukurun dandamalin katako: wanne ya cancanci a saya, wanne za a bari a kanta

Sukuru iri biyar ne mai shirin gina dandamalin katako a bayan gida yakan tarar a jere. Akwai baƙi siriri na kafa allon jifsam, akwai mai ƙyalli da aka yi wa shafen zinki da lantarki, akwai mai launin toka da aka tsoma cikin narkakken zinki, akwai mai rufin fenti na musamman, kore ko ruwan ƙasa, sai kuma na sitenles. Ranar aiki kowannensu zai shiga katako ya danne falanki tsaf, har kafinta ya tattara kayansa ya tafi ba a ga aibin ko ɗaya ba. Sai dandamali ya sha ruwa da rana na shekara biyu ko uku sannan kowane sukuru ke nuna halinsa. Biyu daga cikin biyar ɗin nan ba su da gurbi a wannan aiki ko kaɗan. Ɗaya yana da gurbinsa amma a ƙarƙashi, wurin manyan haɗe-haɗe. Zaɓin gaskiya yana tsakanin biyun ƙarshe, kuma katakon da za a ɗaure shi ne zai raba gardama.

Yawancin dandamali ana yin ƙashinsa, sau da yawa har da falankin samansa, da katako mai laushi da aka ɗura wa magani da matsin inji don kada ya ruɓe ko gara ta ci shi. Wannan kore-koren da ake gani a jikinsa jan ƙarfe ne. Har zuwa ƙarshen 2003 maganin da aka fi amfani da shi a Amurka shi ne CCA, sai aka janye shi daga ayyukan gidaje saboda sinadarin arsenik da ke cikinsa. Waɗanda suka maye gurbinsa, irin su ACQ da CA, sun fi shi yawan jan ƙarfe, sun kuma fi shi cin sukuru. Dalili kuwa, idan jan ƙarfe ya haɗu da baƙin ƙarfe ko zinki a wuri mai danshi, 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu, wanda ya fi rauni shi ke narkewa, kuma kullum sukurun ne mai raunin. Cin ba daga kai yake farawa ba, inda ido ke gani. A wuya yake farawa, daidai mahaɗar falanki da raftar ƙasa, inda ruwa ke maƙalewa ya daɗe bai bushe ba. Idan aka zaro sukurun da bai dace ba daga tsohon dandamali, za a ga kansa lafiya lau, har ramin da ake murɗawa bai lalace ba, amma inci ɗaya ƙasa da kan ya sirance kamar allura, ya yi jawur, haƙoransa sun zube. Mai gida yana taka falankin kullum, yana ganin kawunan sukuru a jere, bai san babu abin da suke riƙe da shi ba.

Katakon da ba a sa wa magani ba shi ma da nasa sharaɗin. Katakon itatuwan sida da redwud da ok yana ɗauke da sinadarin tanin, wanda da zarar ya haɗu da baƙin ƙarfe da ruwa sai ya yi baƙi. Shi ne wannan tabon da ke zagaye kan kowane sukuru, ya kuma ja layi ya bi hanyar da ruwa ke gangarewa. Sabulu ba ya fitar da shi, sai asid ɗin oksalik, kuma muddin sukurun na nan tabon zai dawo.

Waɗanda za a bari a kanta

Baƙin sukurun jifsam an yi shi ne domin cikin ɗaki. Baƙin da ke jikinsa ba kariya ce daga ruwa ba, ga shi an ƙona ƙarfensa ya yi tauri har ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. Falanki kuwa motsi yake yi, ya kumbura da ruwa ya tsuke da rana, sukurun da ba ya juriyar wannan jan yakan tsinke daga ƙasan kai. Kada a sa ko guda ɗaya.

Mai ƙyallin nan na shafen lantarki ya fi yaudara, domin a kwalinsa ma ana rubuta cewa yana da zinki, kuma ba ƙarya aka yi ba. Kaurin zinkin ne matsalar: 'yan maikron ne (maikron dubu ke yin milimita ɗaya), sau da yawa bai kai 10 ba. Mai launin rawaya-rawaya shi ma ɗan gidansu ne. A cikin katako mai magani wannan shafe ba ya jimawa, daga nan sai tsatsa ta samu ƙarfe tsirara.

Wanda aka tsoma cikin narkakken zinki daban yake. Ana gane shi da dushewar launi da kaushin jiki, kuma a kwalinsa za a ga ma'aunin ASTM A153, wanda ya tanadi kaurin zinki wajen maikron 43 ga ƙananan ƙusoshi da sukuru. Kariyarsa ta gaske ce. Aibinsa shi ne zinkin kan cika ramin kai ya kuma daskare tsakanin haƙora, sai bakin injin ɗaure sukuru ya ƙi zama daidai. Don haka ya fi kyau a manyan noti da wosha da manyan sukurun ƙashi, inda da sifana ake ɗaurewa.

Mai rufi ko sitenles

Sukuru mai rufin fenti shi ne wanda aka fi sayarwa domin wannan aiki, kuma ya cancanci yabo a inda ya dace. Cikinsa ƙarfe ne mai tauri, yana shiga da sauri, ba ya saurin murɗewa ya tsinke ko an haɗu da ƙullin katako. A kan katako mai laushi mai magani, nesa da teku, a dandamalin da iska ke ratsa ƙarƙashinsa, ya wadatar. Amma a karanta kwali: dole ya faɗi ƙarara cewa an gwada shi da katako mai maganin ACQ ko makamancinsa. Wasu kamfanoni kan ambaci ma'aunin gwaji na AC257, wannan alama ce mai kyau. Kwalin da bai ce komai a kan katako mai magani ba, sai launi mai kyau da kalmar "na waje", ba abin dogaro ba ne. Raunin wannan sukuru a fili yake: duk kariyarsa a fatarsa take. Idan bakin inji ya zame ya kankare ramin kai, nan tsatsa za ta fara. Idan katako mai tauri ne, shigar kanta tana goge rufin daga haƙora. Saboda haka wanda aka zaro ba a mayar da shi, a jefar a ɗauki sabo.

Sitenles ba shi da fatar da za ta goge, domin kariyar a cikin ƙarfen take. Kiromiyam ɗin da ke cikinsa, wajen kashi 18 cikin 100, shi ke yin wani siririn rufi da ke sake haɗuwa da kansa duk lokacin da aka karce shi. Lamba 304 da 305 su ne na yau da kullum, a Turai ana rubuta musu A2. Lamba 316, ko A4, an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, wanda ke hana gishiri huda shi. Dokar ginin gidaje da ake bi a yawancin jihohin Amurka, IRC, ta ce dandamalin da ruwan gishiri ke taɓawa ko wanda ke cikin ƙafa 300 daga gaɓar teku, wato kimanin mita 90, sai da sitenles. A irin wannan wuri, da gefen wurin ninƙaya, 316 muke ba da shawara ba tare da wani dogon tunani ba. Ga sida, redwud, ok, da katakai masu tauri irin su ipe da kumaru da tik, 305 ya isa.

A ganinmu, ko a katako mai laushi, wanda ke son ya ɗaura sau ɗaya ya huta, sitenles 305 ya fi. Ya fi tsada, wannan gaskiya ne, amma sukuru ƙaramin kaso ne na kuɗin dandamali, cire falanki don canja ruɓaɓɓen sukuru kuwa aiki ne da kan ci falankin kansa.

Sai dai sitenles yana da hali, kuma wanda bai san halin ba zai zarge shi da rashin inganci. Ya fi ƙarfen sukuru mai rufi laushi. Idan aka tura shi da ƙarfi cikin katako mai tauri ba tare da an huda ba, yakan yi zafi, ya murɗe, kan ya tsinke a hannu, sauran ya maƙale a ciki. Maganin abu uku ne: a huda tukuna, a rage gudun inji, a shafa ɗan kakin zuma ko kyandir a haƙora. Akwai kuma sitenles mai lamba 410, mai tauri da saurin shiga, amma juriyarsa ga tsatsa ba ta kai ta 305 ba, yana iya yin jan tabo. Maganaɗisu yana taimakawa wajen rarrabewa: 410 yana manne masa sosai, 304 da 305 da 316 kuwa ko dai ba sa mannewa ko kuma jan kaɗan ne ƙwarai. Kwalin da ya ce sitenles kawai bai faɗi lamba ba, a ɗora masa alamar tambaya.

Tsawo, kauri da siffa

Ƙa'idar tsawo mai sauƙi ce: sukuru ya kai kimanin ninki biyu zuwa biyu da rabi na kaurin falanki. Falanki mai kaurin milimita 25 yana son sukurun milimita 60 zuwa 65, wato inci 2 da rabi. Mai kaurin milimita 38 yana son na milimita 75, inci 3, domin a samu kusan milimita 38 a cikin rafta. A auna falankin da tef, kada a bi sunansa, domin abin da ake kira inci 2 a kasuwar katako inci 1 da rabi ne bayan an goge shi. Gajeren sukuru yakan riƙe a shekarar farko, sai falanki ya fara kwantsarewa da rana ya ɗago shi a hankali. Wanda ya yi tsawo da yawa ba ya ƙara komai sai zafi da yiwuwar tsinkewa.

A kauri, lamba 8 milimita 4.2 ne, lamba 10 kuwa milimita 4.8, abin da ake sayarwa a matsayin 5 a ma'aunin mita. Lamba 8 mai rufi ya isa ga siririn falanki mai laushi. Idan sitenles ne, ko katako mai tauri, a hau zuwa lamba 10, saboda ƙarin kaurin yana rama laushin ƙarfen.

Siffar jiki ita ce abin da mutane suka fi yin sakaci da shi. Sukurun falanki na ƙwarai ba haƙora ne daga tsini har kai ba. Akwai sashe sumul a sama, kusan daidai kaurin falankin. Hikimar ita ce haƙora su kama rafta kaɗai, kai kuma ya jawo falanki ƙasa har su manne. Idan haƙora sun kama falanki da rafta a lokaci guda, duk ratar da ke tsakaninsu lokacin ɗauri haka za ta zauna, ko an ƙara murɗawa ba za ta rufe ba. Ratar nan ita ce ke tara ruwa, ita ce kuma ke kawo ƙara idan an taka. Wasu sukurun, irin na kamfanin Spax, suna da 'yan haƙora kaɗan a ƙasan kai bayan sashen sumul, waɗanda ke kulle falankin bayan ya riga ya zauna. Wannan ƙari ne mai amfani. A duba tsini kuma: mai tsaga a gefe, wanda ake kira Type 17, yana yanka zaren katako maimakon ya buɗa shi da ƙarfi, don haka ya rage tsagewa. Ƙasan kai idan yana da 'yan ƙirga-ƙirga, su ke share wa kan mazauni ya zauna daidai da fuskar falanki.

Ramin kai kuwa babu wata doguwar muhawara. Phillips mai gicciye yana tura bakin inji waje idan nauyi ya yi yawa, sai ya yi tsalle ya cinye ramin. A aikin da za a ɗaura sukuru ɗari-ɗari wannan azaba ce, kuma kowane tsalle kankarar rufi ne. Mai rami murabba'i, ƙirar Robertson, ya fi shi nesa ba kusa ba. Torx, mai ramin tauraro mai kusurwa shida, wanda aka ƙirƙiro a 1967, shi ya fi duka riƙo, kuma shi ne zai yarda ya fito bayan shekaru idan ana son canja falanki guda. Yawanci bakin inji mai lambar girma T20 ko T25 yake ɗauka. Bakin T20 yana shiga ramin T25 har ya juya shi, amma da sako-sako, kuma cikin 'yan sukuru kaɗan zai lalata ramin. A tanadi baki uku ko huɗu, da an ga gefen ɗaya ya fara gogewa a canja.

Lissafin yawa da yadda ake ɗaurawa

Kowane falanki sukuru biyu yake so a kan kowace rafta. Guda ɗaya a tsakiya yana barin gefuna su ɗago, falanki ya zama kwarin da ke riƙe ruwa. Idan faɗin falanki milimita 140 ne, da rata milimita 5 tsakaninsu, raftoci kuma suna da tazarar milimita 400, lissafin yana ba da kimanin sukuru 35 a kowace murabba'in mita. Dandamalin mita 4 da mita 5 zai ci wajen 700. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda mahaɗar falankai da waɗanda za su lalace. Idan an matso da raftoci zuwa milimita 300, adadin zai haura 45 a kowace murabba'in mita.

Sukuru ya zauna milimita 20 zuwa 25 daga gefen falanki. A ƙarshen falanki, inda tsagewa ta fi yawa, a huda tukuna ko da katakon mai laushi ne, ko da kwali ya ce sukurun yana huda da kansa. Inda falankai biyu suka haɗu baki da baki a kan rafta ɗaya mai kaurin milimita 38, wurin ya yi kaɗan ga sukuru huɗu, gara a manna wani guntun rafta a gefe domin kowane ƙarshe ya samu nasa mazauni. A katako mai tauri kowane rami sai an huda, kusan milimita 4 ga sukurun milimita 5, a kuma fafe wa kai mazauni da bakin da aka yi domin haka.

Kai ya tsaya daidai da fuskar falanki, ko ya nutse da kamar milimita 1. Nutsar da shi can ciki kuskure ne da ake ɗauka ƙarfi ne. Yana karya zaren katako, ya bar ɗan rami da ruwa zai kwana a ciki, ruɓa ta fara daga nan. Injin ɗauri mai bugawa yana da sauri, amma shi ya fi jawo wannan, shi ya fi tsinka sitenles. Injin huda mai kulochi da aka saita a gwajin guntun katako ya fi ba da sakamako iri ɗaya. Kafin a shimfiɗa falanki, liƙa tef ɗin butil a saman kowace rafta yana da amfani sosai, domin yana rungume sukurun a daidai wuyan nan da ke fara ruɓewa, ya hana ruwa bin ramin ya shiga rafta.

Falankin haɗin garin katako da roba yana buƙatar nasa sukurun. Na katako idan ya shiga yakan turo robar sama ta yi tudu a kewayen kai. Na musamman ɗin yana da ƙaramin kai da haƙoran sama masu juyin baya, waɗanda ke jan abin da ya taso su mayar da shi ƙasa. Irin wannan falanki a tsawonsa yake miƙewa da zafi, don haka a bi ratar da kamfanin ya rubuta, da irin sukurun da ya amince da shi, tunda garantin yakan rataya a kan haka.

Inda sukurun falanki ba shi da hurumi

Nan ne kuskure ke iya kai mutum asibiti. Sukurun falanki an ƙera shi ne ya danne abu ƙasa. Ba a ƙera shi ya ɗauki nauyin da ke yanko shi ta gefe ba, kuma mafi kyawun sitenles ma bai canja wannan ba.

Katakon da ake kafawa a jikin gida, wanda rabin nauyin dandamali ke rataye a kansa, yana buƙatar manyan sukuru masu kaurin rabin inci ko noti mai ratsawa da wosha, a layi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa bi da bi. Tazararsu ta danganta da tsawon raftoci: a jadawalin IRC, rafta mai ƙafa 6 tana ba da damar inci 30 tsakanin manyan sukuru, mai ƙafa 12 kuwa inci 15 kacal. Dole tsinin ya ratsa har cikin katakon ƙashin gidan, ba a jikin adon bango kawai ya tsaya ba. Akwai sukurun ƙashi na zamani, irin LedgerLOK na FastenMaster ko RSS na GRK, sirara amma an gwada nauyin da suke ɗauka. Suna da sauƙin ɗauri, sai dai tazararsu ta takardar kamfanin ce, ba a ara daga jadawalin manyan sukuru.

Ƙarafan da ake rataye raftoci a ciki su ma ba a cika ramukansu da sukurun falanki. Kansa mai gangara ba ya zama a kan ƙarfe, jikinsa kuma yana iya tsinkewa farat ɗaya ba tare da ya fara lanƙwasa ya ba da alama ba. Ana amfani da ƙusoshin da aka yi domin su, ko sukuru irin SD na Simpson Strong-Tie, kuma kowane rami sai an cika shi, domin nauyin da aka rubuta wa ƙarfen da dukkan ramukan aka gwada shi. A nan a daidaita ƙarfe da ƙarfe: maratayi mai zinki da ƙusa mai zinki, na sitenles da sitenles. Idan aka gauraya su a wuri mai danshi, zinkin ne zai narke da wuri. Haka nan kada alminiyum ya taɓa katako mai maganin ACQ kai tsaye. Ginshiƙan shingen da mutane ke jingina a kai kuwa noti biyu masu ratsawa, na rabin inci, suke buƙata kowannensu, tare da toshin katako ko ƙarfen ɗauri da zai kai nauyin zuwa raftoci.

Idan sukuru ya tsinke a cikin falanki ana tsakiyar aiki, kada a tsaya tono shi, tonon ya fi ɓarna. In guntun ya leƙo sama, a kama shi da filaya mai kulle a juya baya a hankali. In ya tsinke a ciki, a bar shi, a huda sabon rami milimita 10 zuwa 15 daga gefensa a bisa layin raftar, a ɗaura wani, tsohon ramin kuma a toshe shi da ɗan guntun katako iri ɗaya da gam mai jure ruwa.